DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: KAFIN KA SAYI AMYA, NEMI WANDA ZAI KOYA MAKA



A 'yan watannin nan maganar kiwon zuma ta yawaita a bakin matasanmu da ke zaune a nan jihar Oyo, daga Sabon Ibadan har zuwa Ogbomosho, Iseyin da Shaki. Kusan duk zaman da muka yi sai wani ya ɗaga hannu ya tambaya ko ƙungiya za ta iya ba shi rancen sayen amya. Mun ji daɗin wannan sha'awa, domin sana'a ce ta halal, ba ta cin fili mai yawa, ba ta buƙatar dusa ko harawa, kuma zuma mai kyau ba ta kwantai a kasuwa. Amma akwai abin da muke ganin wajibi ne mu faɗa tun kafin wasu su ƙara zuba kuɗinsu. Ra'ayinmu shi ne, abu na farko da mai son kiwon zuma zai nema ba amya ba ce, ba kuma rigar kariya ba. Mutum zai nema, wanda ya daɗe yana wannan aiki a dajin da ke kusa da shi, ya bi shi har shekara ta zagayo.

Ba haka kawai muka tashi da wannan magana ba. Bara wasu matasanmu uku sun halarci bitar yini ɗaya, aka haska musu hotuna a bango, aka yi musu lissafin ribar da za su samu, aka ba su satifiket. Suka haɗa kuɗin da suka tara daga acaba da sayar da albasa, suka sa kafinta ya yi musu amya goma, suka jera su a wani kango bayan gari. Wata huɗu babu abin da ya shiga sai ƙadangaru da gizo-gizo. Daga baya zuma ta shiga guda uku. Murna ta sa suka riƙa buɗewa kusan kullum suna ɗaukar hoto, biyu suka yi ƙaura suka bar musu akwati wayam. Ta ukun kuma ranar da suka je ɗiba da tsakar rana ta tashi, ta bi wata akuya da ke ɗaure a kusa ta harbe ta har ta mutu. Sai da shugabanninmu suka je gaban baale, wato mai garin wurin, aka ba da haƙuri aka biya kuɗin akuya. Da yaro ne a wurin maimakon akuya, da yanzu wani zancen ake yi, kuma ba su uku kaɗai abin zai shafa ba, dukkanmu Hausawan da ke zaune a garin ne.

Yaran nan ba malalata ba ne, ba kuma wawaye ba. Abin da suka rasa shi ne dattijo guda da zai tsaya a gefensu ya ce musu, nan wurin bai yi ba, yanzu ba lokacinsa ba ne, ku rufe ku bar ta ta huta.

ABIN DA WAYA BA ZA TA KOYA MAKA BA

Wani zai ce ai yanzu komai yana cikin waya, YouTube cike yake da masu koyar da kiwon zuma kyauta. Gaskiya ne, kuma ba mu hana kowa kallo ba. Sai dai mu sani yawancin waɗannan bidiyoyi daga Amurka da Turai suke, kuma ƙudan zumarsu daban da namu. Nasu jinsin Turai ne, mai sanyin hali, shi ya sa za ka ga mutum ya buɗe amya da hannu ba safa yana ta surutu. Namu na Afirka ta Yamma mai zafin rai ne, yana fitowa da yawa lokaci guda, yana kuma bin mutum da nisa. Idan kana son ka san bambancin, dubi abin da ya faru a Burazil. A shekarar 1956 wani masani mai suna Warwick Kerr ya kai ƙudan zuman Afirka can domin bincike, a 1957 wasu suka kuɓuce suka shiga daji suka cakuɗa da na Turai. Jikokinsu suka yi ta bazuwa har suka isa jihar Texas ta Amurka a 1990, kuma saboda zafinsu har yau mutanen can tsoronsu suke ji. To, dangin waɗannan ne a dajinmu. Wanda ya kwaikwayi Bature ya buɗe amyarmu da singileti, jikinsa zai gaya masa.

Bambanci na biyu shi ne ƙaura. Zumar Turai ta saba da hunturun ƙanƙara, don haka takan tara abinci ta zauna wuri guda ta jira sanyi ya wuce. Tamu idan ta ga yunwa, ko ƙishirwa, ko tururuwa, ko yawan damu daga mai ita, sai ta kwashe gaba ɗaya ta bar gidan. Na uku, a can mutum yana iya sayen ƙudan zuma da sarauniyarsu a kwali a aiko masa. A nan galibinmu tarko muke kafawa, a shafa wa amya kaki da abin ƙanshi, a ajiye ta inda ya dace, a jira gungun zuma ya zo da kansa. Sanin inda gungu ke bi da watan da yake wucewa, wannan ba ya cikin kowane bidiyo. Yana kan mutumin da ya shekara ashirin yana kallon itatuwan wannan yanki.

KO ILIMIN GIDA SAI AN YI MASA GYARA

Da yawa daga cikinmu mun taso mun ga amya a kan ɗorawa ko tsamiya a ƙauyukanmu na Arewa, wadda aka saƙa da ciyawa aka shafe da kashin shanu, ko ta tukunya, ko ta kututturen itace. Wasu ma kakanninsu ne masu ita. Wannan gado ne mai daraja, kuma wanda ya taso a cikinsa ya fi wanda bai taɓa gani ba. Amma kada mu manta inda muke zaune. A Kano ko Katsina damina kusan wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. A nan ƙasar Yarbawa ruwa kan fara tun Maris ko Afrilu, ya kai har Oktoba, da ɗan tsagaitawa a Agusta. Laima ta fi yawa, katako ya fi saurin ruɓewa, gara da kwarkwasa sun fi ƙarfi. Amyar ciyawa da za ta yi shekaru a Arewa, a nan ruwa zai iya cinye ta da wuri.

Haka furanni. A yankin Oke-Ogun da Ogbomosho akwai kaɗanya da ɗorawa kamar na gida, ga kuma gonakin kashu da mangwaro masu yawa, waɗanda ke fure a cikin rani, daga wajen Disamba zuwa Maris. Shi ya sa babban ɗiban zuma yake faɗowa a rani zuwa gab da saukar ruwa, tsakiyar damina kuwa lokacin yunwa ne ga zuma, ba lokacin da za a taɓa mata abinci ba. Amma ko a cikin jiha ɗaya, abin da ke faruwa a Shaki ba lallai ya zo daidai da na gefen Ibadan ba, inda daji ya fi duhu. Don haka kawunka da ke gida zai iya ba ka shawara ta waya, amma ba zai iya gaya maka satin da kashun ƙauyen da kake ya fara fure ba.

A nan ne muke son mu faɗi wata magana da wataƙila ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Malamin da kake nema ba dole ne ya zama Bahaushe ba. Idan wanda ya fi kowa sanin zuma a yankinku Bayarabe ne, je ka gaishe shi. Idan Bafulatani ne da ya san kowane kogon itace a dajin, je ka gaishe shi. Idan ma'aikacin gona ne da ya yi ritaya, ko mace ce mai amyoyi a gonar kashunta, duk ɗaya ne. Mun iya zuwa wurin mutanen gari mu koyi kanikanci da walda, ba mu ga dalilin da zai sa mu ji nauyin koyon kiwon zuma a hannunsu ba. Kuma akwai wata riba a ɓoye: wanda ɗan gari ya riƙe wa hannu ya fi saurin samun wurin ajiye amya, ya fi samun wanda zai tsaya masa ranar da aka samu matsala.

YADDA ZA KA SAME SHI

Masu wannan sana'a ba su da allon talla. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bi kwalba. Je wurin mai sayar da zumar da mutane suka yarda da ita a kasuwarku, ka saya, ka tambaye shi daga wane ƙauye ake kawo masa. Tambayi mafarauta, masu yankan katako, makiyaya da direbobin da ke shiga ƙauyuka ranar kasuwa. Leƙa ofishin malaman gona na ƙaramar hukuma ko na jiha, ka tambaya ko sun san masu kiwon zuma a yankin. Waɗanda ke Ibadan suna da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ƙasa a unguwar Jericho, ba laifi ba ne mutum ya shiga ya yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Idan ka samu wanda aka nuna maka, ka auna shi kafin ka miƙa wuya. Malamin gaske yana da amyoyin da zuma ke ciki yanzu, kuma zai iya kai ka ka gani da idonka. Zai ba ka labarin asarar da ya yi, shekarar da wuta ta cinye masa, da wadda ɓarayi suka kwashe. Ba zai yi maka alkawarin lita kaza a wata kaza ba, domin ya san abin yana bin ruwa da fure. Wanda kuwa tun gaisuwar farko ya fito da jerin kayan da zai sayar maka da lambar asusunsa, kuma duk lokacin da ka ce a je gona sai ya kawo uzuri, wannan ɗan kasuwa ne. Ba mu ce kasuwanci laifi ba ne, amma ba shi kake nema ba.

Sannan ka san yadda ake shiga wurin manya. Kada ka je ranar farko da littafi da biro kana tambayar sirrin haɗin turarensa. Je da goronka ko abin da ya sauwaƙa, ka gabatar da kanka ta hannun wanda ya san ku duka, ka ce, Baba, so nake in riƙa raka ka ina ɗaukar maka kaya. Ka share masa ciyawa, ka riƙe masa fitila, ka ɗauki bokiti. Idan ya ce ƙarfe biyar na yamma, ka riga shi zuwa. Ku yi magana a fili tun farko kan abin da za ka riƙa ba shi, ko kuɗi ne, ko aiki, ko kaso daga zumarka ta farko, domin kada zumunci ya lalace daga baya. Ilimin da mutum ya sha harbi shekara da shekaru kafin ya samu, bai kamata a ce a karɓe shi da "na gode" kawai ba.

ABIN DA SHEKARA GUDA ZA TA NUNA MAKA

Mun ce shekara ne domin aikin zuma zagaye yake yi, kuma kowane lokaci da darasinsa. A ƙarshen damina za ka ga yadda ake gyara amya da kafa ta. Za ka koyi zaɓen wuri: inuwa, ruwa a kusa, nesa da gidaje, makaranta, hanya da turken dabbobi, kuma da izinin mai ƙasa. Za ka ga yadda ake ɗora amya a kan ƙafafu a shafa musu baƙin mai ko giris saboda tururuwa, da yadda ake share kewaye kafin masu ƙona daji su fara. A rani za ka koyi karanta bakin amya ba tare da ka buɗe ba: idan ma'aikata na shiga da garin fure a ƙafafunsu, alama ce akwai 'ya'ya a ciki kuma sarauniya na aiki. Za ka koyi yawan hayaƙin da ke kwantar da su da wanda ke harzuƙa su, da dalilin da ya sa ake aiki da yamma lis ko da sassafe, ba da tsakar rana ba.

Ranar ɗiba kuma za ka ga bambancin saƙar da ta nuna da wadda ba ta nuna ba. Wadda zuma ta rufe bakinta da kaki ita ce ta nuna. Wadda take buɗe ruwa ya yi mata yawa, kuma zumar da ruwanta ya haura kashi 20 cikin 100 takan yi tsami ta yi kumfa a jarka. Mutum ɗaya ya sayar da irin wannan, sai a ce zumar Hausawa haɗi ce. A damina za ka koyi haƙuri, ka ga yadda ake barin musu abinci, da yadda tsutsar da ke cin kaki take mamaye amyar da ta yi rauni. Za ka kuma koyi magana da manoman da ke kewaye, su sanar da kai ranar da za su yi feshi, domin ƙudan zuma na iya tafiyar kilomita biyu zuwa uku neman fure, kuma maganin ƙwari ba ya tambayar na wane ne.

Akwai darasi guda da ya fi duk waɗannan: sanin jikinka. Yawancin mutane harbi kumburi ne da zafi na kwana ɗaya ko biyu. Amma akwai waɗanda harbi ɗaya ke sa maƙogwaronsu ya kumbura, numfashi ya yi wuya, jiri ya ɗebe su. Wannan ba abin jiƙa saiwa ba ne, asibiti ake nufa nan take. Gara ka gano haka kana tare da babba da abin hawa a kusa, da ka gano kana kai kaɗai a daji. Ko bayan ka ƙware, kada ka je ɗiba kai kaɗai.

INDA TSOFAFFI SUKE DA GYARA

Masu sukar wannan ra'ayi namu suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Sun ce da yawa daga cikin tsofaffin nan da wuta suke ɗiba, su ƙone ƙudan, su kwashe saƙa duka har da ƙwai da tsutsa, su matse da hannu ko su dafa a tukunya. Zumar ta fito baƙa tana warin hayaƙi, gidan kuma ya mutu. Haka ne, kuma ba mu ce a koyi wannan ba. Ba ma goyon bayan ƙona zuma, asara ce ga mai ita, asara ce ga gonakin da take yi wa barbarar fure, sau da yawa kuma daga nan gobarar daji ke tashi.

Amma wannan bai rushe maganarmu ba. Abin da za ka ɗauka a wurin dattijo shi ne sanin daji, lokaci da halin zuma. Abin da zamani ya kawo kuma shi ne akwatin da ake buɗewa a duba ba tare da an rusa gida ba. Akwai samfurin Langstroth, wanda wani Ba'amurke mai wannan suna ya yi wa rajista a 1852, mai firam-firam a ciki. Yana ba da zuma da yawa, amma yana da tsada kuma yana son kafinta mai ido sosai. Akwai kuma samfurin Kenya mai sanduna a sama, wanda aka fito da shi a farkon shekarun 1970, kuma shi muke ganin ya fi dacewa da mai farawa. Kowane kafinta zai iya yin sa, da sharaɗi guda: faɗin kowace sanda ya zama santimita 3.2. Idan ya kauce, zuma za ta gina saƙa a karkace ta haɗe sandunan, ka rasa yadda za ka ɗaga ɗaya ba ka fasa sauran ba. Da muka duba amyoyin yaran nan uku, sandunansu kowace da nata faɗin. Ɗan wannan awo da ba wanda ya gaya musu yana cikin abin da ya ci kuɗinsu.

Idan ka samu malamin da ya haɗa biyun, ka yi sa'a. Idan ba ka samu ba, ka koyi daji a wurin tsoho, ka koyi akwati a wurin malamin gona, kuma ka yi haka cikin ladabi. Mun ga inda dattijo ya ga almajirinsa ya ɗebi zuma fara tas da hayaƙi kaɗan, ƙudan kuma suna nan ba su gudu ba, shi da kansa ya ce a yi masa irin akwatin. Gani ya kori ji.

SHAWARARMU

Ga mai son farawa, ka fara da amya biyu ko uku, ba goma ba. Ka tanadi rigar kariya mai raga a fuska, safar hannu, takalmin roba mai tsawo, abin hura hayaƙi, wuƙa da bokiti mai murfi. Ka ajiye amyoyinka kusa da na malaminka idan ya yarda. Kada ka saka kuɗin da idan ya ɓace gidanka zai kwana da yunwa, kuma kada ka bar sana'ar da kake yi, domin shekarar farko ta koyo ce. Kada ka zubar da kaki bayan tacewa, masu man shafawa, kyandir da man takalmi suna saye, kuma da shi za ka jawo wani gungun. Iyayenmu mata da ƙannenmu na iya shiga ta wannan ɓangare na tacewa, narkar da kaki da sayarwa. Mu kuma tuna wa masu saye cewa likitoci sun hana ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma.

Ga ƙungiya kuma, abin da za mu gabatar a zama mai zuwa shi ne kada a ba kowa rancen amya sai ya kawo wanda yake koyo a hannunsa, shugabanni sun je sun gaisa da shi, sun kuma ga wurin da za a ajiye amyoyin. Mun san wasu za su ga kamar an tsaurara. Amma kuɗin nan na marayu ne da 'yan dako da masu tura baro da suke ba da gudummawa duk wata, kuma zaman lafiyarmu da masu masaukinmu ya fi kowace jarkar zuma tsada.

Muna roƙon duk wanda ya san wani dattijo ko wata dattijuwa mai wannan sana'a a yankinsa, ko Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba, ya sanar da shugaban unguwarsu domin mu je mu gaishe su. Yaran nan uku ma ba su haƙura ba. Ɗaya daga cikinsu yanzu haka yana bin wani tsoho a wani ƙauye ta wajen Iseyin, kuma da muka tambaye shi abin da ya koya zuwa yanzu, sai ya yi dariya ya ce, ya koyi barin murfi a rufe.

Allah ya sa albarka a neman kowa, ya tsare mu da asara, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Sakataren Ƙungiya